Ranar da Aka Wanke Kwata

Haliru yana turo babur daga zaure ya ji ƙarar shebur a kan siminti. Ba shebur ɗaya ba ne. Ya jingine babur ɗin a jikin bango, ya zaga ta bayan masallaci, sai ya tarar da rabin mutanen layin a bakin kwata.

Samari sun naɗe wanduna sun shiga ciki, suna kwaso baƙar laka suna zubawa a baro. Mata sun jeru da tsintsiya da bokitai, wasu da goyo a baya. A kan benci, mayafi ɗaure a ƙugu, Hajiya Kulsum ce zaune tana nuna wa kowa inda ya tsallake.

"Malam Haliru," in ji ta. "Ka zo kama mana ne, ko ka zo duba aikin ɗalibai?"

"Ina kwana, Mma. Me ake yi haka da sassafe?"

"Me idonka ya gani? Abokinka zai shigo da Turawa unguwa yau. Ya ce ta bakin kwatar nan za su bi. So kake su koma garinsu su ce mutanen Zongo cikin ƙazanta suke kwana? Liman ya yi shela a lasifika bayan asuba. Kai dai a ɗaki ka yi taka sallar."

Haliru ya dubi cikin kwatar. Ta taso ne daga bayan masana'antar da 'yan unguwa ke kira lizin, inda ake narka tsoffin batura ana tace baƙin mai, ta ratsa Zongo ta faɗa fadama. Lizin ba ta sakin dattinta sai an yi ruwan sama mai ƙarfi, don ya ɓace cikin ambaliya. Ruwan kuwa, 'yan shekarun nan, ya daina zuwa da hankali. In ya sauko sai ya cika kwata ya shiga ɗakuna, in ya janye ya bar baƙin maiƙo a bango da tabarmi, ya bar yara da ƙuraje. Lakar da ta kwanta a ƙasan kwatar, mai ƙyalli kamar kwalta, ita ce abin da lizin ta saki a daminar bana kaf. Ruwan ƙarshe kuma ya riga ya wuce.

Ita ake zuwa gani yau. A duk unguwar Haliru kaɗai ya san haka. Jiya da la'asar Nasser, ɗan Hajiya Kulsum, ya kira shi daga otal ɗin da ya sauke baƙinsa.

"Purofesa, gobe bayan azahar muna tafe. Da lauya, da baturiyar ƙungiyar nan ta kare muhalli, da wisiye. Kada ka faɗa wa kowa batun wisiye, ka san yaranmu na gadi a lizin. Mma ma baƙi kawai na ce mata."

Wisiye ma'aikacin shari'a ne da ba ya rubuta abin da aka gaya masa. Zuwa yake ya tsaya, ya duba, ya ɗebi abin ɗiba a kwalba, ya rubuta abin da idonsa ya gani a ranar, kotu ta karɓa. Abin da bai gani ba, babu shi.

Su kuma mutanen Zongo ba sa karɓar baƙo cikin datti. Kakanninsu da ƙafa suka zo ƙasar nan daga arewa, kuma tun daga lokacin suke jin 'yan gari na cewa Zongo wari take. Saboda haka ko mai gyaran mita zai shigo gida sai an share tsakar gida an ɗauke shanya. Balle Turawa. Balle kuma ɗan unguwa ne ya kawo su.

Maganar tana bakin Haliru, gajeruwa ce: Mma, ku dakata, lakar nan ita suka zo gani. Baro biyu ko uku aka kwashe, sauran kwatar tana nan baƙa ƙirin har gaban kwalbati. Har ya ja numfashi.

"Zo ka gani," in ji Hajiya Kulsum. Ta ciro waya daga haɓar zani, ta goge fuskarta da mayafi, ta miƙa masa. Nasser ne a tsaye gaban makirfo, da kati rataye a wuya, bayansa wani ƙaton allo mai hoton duniya. "A taron nasu na sauyin yanayi ne. An ce da ya gama magana har wata farar mace kuka ta yi. Shi da ko makarantar lise bai ƙare ba."

"Ya yi kyau," in ji Haliru.

"Kai ma naka na zuwa, ɗana, ka yi haƙuri. Ai ya gaya mini kana taimaka masa da 'yan rubuce-rubuce."

Haliru ya mayar mata da wayar.

Shi ya je Maroko ya karanci kimiyyar ruwa, ya dawo da takardar da babu ofishin da ya buɗe ta, ya ƙare yana koyarwa a wata makarantar Faransanci da Arabiyya. Shi ya bi kwatar da ƙafa har bayan katangar lizin. Shi ya gane gubar dalma ce ke cin fatar yara, ya yi ta yawo ofis-ofis ana ce masa ya dawo mako mai zuwa. Nasser a lokacin rigunan waya yake sayarwa a kasuwar Hanoukopé ta nan Lome, kuma abin da ya kawo shi cikin tafiyar bai wuce shayin da suke sha tare da yamma ba. A wajen shayin ne Haliru ya taɓa cewa, cikin gajiya, ba mu muka ƙona man ba, ba mu muka ɗumama duniya ba, amma mu ke kwana a tsaye. Da aka sake ambaliya Nasser ya shiga ruwa har gwiwa, ya ɗaga dardumar uwarsa tana ɗigar baƙin mai, ya maimaita maganar a gaban waya. Bidiyon ya zaga duniya. Gayyata ta zo da sunan Nasser. Haliru ya rubuta masa jawabin, ya zaunar da shi ya koya masa furta kalmomin da suka fi ƙarfin harshensa, ya kuma raka shi filin jirgi.

'Yan rubuce-rubuce.

"Ku sa leda a hannu," in ji shi, ya ɗaga murya don samarin su ji. "Lakar nan tana cin fata."

"Kun ji Malam," in ji Hajiya Kulsum. "Amfanin karatu ke nan. Aziza, jeki shagon Abdoul ki ce ya ba mu leda."

Haliru ya koma ya hau babur ɗinsa.

A aji ya zana girgije da rana da kibiyoyi a allo, ya sa yara suna maimaita yadda ruwa ke tashi sama ya dawo. Wayarsa ta motsa a aljihu. Da aka fita tara ya duba, saƙon murya ne daga Nasser, da hayaniyar cokula a bayansa, kamar suna karin kumallo.

"Purofesa, ya unguwa? Komai lafiya? Wallahi ban yi barci ba. Lauyar ta ce in wisiye ya ga abin da ke cikin hotunanmu, sai lizin ta zo gaban alƙali. Yau ranarmu ce."

Ya saurara sau biyu. Ranarmu. Ya rubuta, "Lafiya lau," ya aika.

Ya zauna a kan tebur ya yi wa kansa bayani, kamar yadda yake yi wa ɗalibai. Kwatar doguwa ce, ba za su gama kafin azahar ba. Mutane za su gaji, rana za ta yi, kowa zai tafi kasuwarsa. Kuma wanda ya iya tsayawa gaban duniya ya kamata ya iya yi wa uwarsa bayanin abu guda. An ce kada ya faɗa wa kowa, bai faɗa ba. Bayanin ya zauna daidai ta kowace fuska, amma bai iya cin burodin da ya saya ba.

Malamin Arabiyya ya leƙo ajin da kofin shayi a hannu. "Na ji yau kuna da manyan baƙi. Abokinka ya kusa zama minista. Ka riƙe shi da kyau, ko direba ya ɗauke ka."

"Ban iya tuƙi ba," in ji Haliru.

Da rana ta take ya nemi izini ya dawo unguwa. Tun daga bakin titi ya ji warin kirezil, ruwan maganin nan da ake wanke banɗaki da shi. An kafa rumfa a filin gaban masallaci, ana sauke kujerun roba. Kwatar ta zama fara-fara, har ana ganin tsagar simintinta. Wani mai babur mai ƙafa uku yana jiran lodin ƙarshe zuwa juji.

Saura wuri ɗaya. Ƙarƙashin kwalbati, inda kwatar ta ratsa ta ƙasan titi, lakar tana nan kwance da kaurinta, don shebur ba ya kai wa sai mutum ya shiga a durƙushe. Aboubakar mahauci, wanda ke jagorantar samarin, yana tsaye a bakin wurin yana sharce gumi.

"Malam, gara da ka zo. Nan ciki fa? Daga sama ba a gani. Yara sun gaji, kuma wurin kamar kabari ne. Mu bar shi?"

Haliru ya sunkuya ya leƙa. Duhu, da ƙyallin mai, da warin da ya sani. Abin da ke ciki ya isa ya cika kwalaben wisiye duka. Ya isa ya kai lizin kotu. Ya isa a sake kiran Nasser wani taron, a rataya masa wani katin, a saka sunansa a jarida a ce saurayin da ya kayar da kamfani.

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa.

"Tun da kun fara, ku gama."

Aboubakar ya yi tsaki, ya naɗe wando, ya kira mutum biyu.

A gida ya tarar da matarsa Munira tana jera farantan aurenta a kwando, za ta kai wa Hajiya Kulsum aro. Bayan hannunta ya yi ja.

"Ba ki sa ledar ba?"

"Ta yage. Ba komai, zan shafa man kaɗanya." Ta ɗago. "Na goge maka farar shaddar. Kai ma za ka yi magana?"

"Ba a ce ba."

"To, ai shi Nasser ya iya magana," in ji ta, ba da wata manufa ba, ta ɗora kwandon a ka ta fita.

Ya sa farar shaddar.

Bayan azahar motoci biyu suka shigo layin a hankali, yara na binsu. Mata suka yi guɗa. Nasser ya fito da kwat a kan kaftani, ya rame kaɗan, ya yi haske. Ya durƙusa gaban mai unguwa Alhaji Idi, ya durƙusa gaban uwarsa, sannan ya hango Haliru ya taho da sauri ya rungume shi. Wani turare ne a jikinsa da Haliru bai sani ba.

Ya ja shi gaban baturiyar, ya ce da Faransanci, "Ga mutumin da ya koya mini komai." Ta yi murmushi, ta girgiza hannun Haliru, ta ce ta ji labarinsa sosai, idonta kuma ya riga ya koma kan Nasser. Lauyar, Metir Afi, gajeruwar mace mai gilashi, ta gaishe shi da kai kawai tana duba agogo. Wisiyen dattijo ne siriri, riƙe da jaka, kwalabe na ƙara a cikinta.

Alhaji Idi ya so a zauna a sha lemo tukuna, a yi addu'a. Metir Afi ta ce aiki farko. Aka ɗunguma ta bayan masallaci, Nasser a gaba yana yi wa baturiyar bayani da hannu, yana cewa ta shirya hancinta.

Ya kai bakin kwatar ya tsaya.

An shafa wa gefenta farar ƙasa. Wani siririn ruwan wanke-wanke yana gudana a tsakiya, ana ganin ƙasa ta cikinsa. Wata ma ta ajiye tukunyar fure a kan kwalbati.

"Ka gani?" in ji Hajiya Kulsum daga bayansa. "Tun asuba. Ko gidan gwamna."

Nasser bai juyo ba.

Wisiyen ya ajiye jaka, ya sa gilashi, ya bi gefen kwatar a hankali har ƙarshen layin ya dawo. Ya ciro tocila, ya durƙusa da ƙyar ya haska ƙarƙashin kwalbati, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙe ya tambaya, da Faransanci, ina abin da aka kira shi ya gani.

"An kwashe," in ji Nasser. "Aboubakar, ina kuka kai?"

"Juji mana. Ina ake kai shara?"

"To mu je jujin, Metir. Ba nisa."

Metir Afi ta cire gilashinta. "A juji kowa na zubar da nasa. Makanikai, masu janareta, kowa. Wane alƙali zai yarda daga nan ta fito?"

"Bangon ɗakuna fa? Akwai alamar inda ruwan ya kai."

"Mun goge," in ji wata mata, da ta tsinci maganar. "Da omo da soso."

Nasser ya kamo hannun wata yarinya ya nuna wa dattijon ƙurajen da ke damtsenta. Wisiyen ya duba da tausayi, ya ce shi ba likita ba ne. Ya buɗe takardarsa ya rubuta a tsaye, sannan ya karanta da ƙarfi kamar yadda aikinsa ya tanada: kwata ta siminti, a share, ruwa kaɗan marar launi, warin maganin wanki. Ya sa hannu. Kwalabensa ko fito da su bai yi ba.

Baturiyar ta tambaya ko ba za a iya dawowa wani makon ba. Metir Afi ta ce lizin ba ta saki sai da ruwan sama, ruwa kuma sai wata damina. "Kuma yanzu sun san muna zuwa," in ji ta, ta nuna bakin layi da haɓa.

Wata farar motar a-kori-kura ce ta tsaya a can. Wani mutum mai taye ya fito yana murmushi. Misiye Kojo ne, mai hulɗa da jama'a na lizin. Shelar liman ta kai kunnen masu gadi, daga nan ta kai ofis.

Nasser ya matso kusa da Haliru, ya yi ƙasa da murya. "Kana ina da safe?"

"Makaranta."

Nasser ya dube shi. Haliru bai kawar da ido ba. Aboubakar yana tsaye taku kaɗan daga nan, yana kankare laka daga farcensa, bai san me ake ciki ba.

"Laifina ne," in ji Nasser. Ya shafa fuska. "Da na faɗa wa Mma. Wallahi ko a mafarki ban kawo wannan ba. Ka yafe mini, Purofesa, aikinka na shekaru na zubar."

Haliru ya so ya ji daɗi. Tun safe yake jiran wannan fuskar, ga ta kuma a gabansa. Amma ko a faɗuwar ma Nasser ya fi shi kyan gani, har baturiyar ta dafa masa kafaɗa.

"Wai me ake cewa ne?" in ji Hajiya Kulsum. "Kun bar mu a tsaye kuna ta Faransanci. Ba su ji daɗin aikin ba ne?"

Babu wanda ya so ya fassara. Nasser ne ya yi, da Hausa, a gaban kowa, a taƙaice. Ya ce mutumin nan na kotu ne, lakar ita ce shaida, yanzu babu shaida.

Hajiya Kulsum ta dubi kwatar, ta dubi hannuwanta da suka kumbura, don daga baya ita ma ta sauko daga benci ta kama tsintsiya.

"Ba ka gaya mini ba," in ji ta.

"Ban gaya miki ba, Mma."

Ta juya ta dubi Haliru. Kallon bai daɗe ba. Ta gyara mayafinta ta nemi bakin kwatar ta zauna.

Alhaji Idi ne ya fara dawowa hayyacinsa, kuma da fushi ya dawo. An riga an kafa rumfa, an dafa shinkafa da wake, an yanka kaji, ga baƙi a tsaye a rana. Ya sa aka koma aka zauna. Ya karɓi makirfon da aka aro daga masallaci, bai ko yi doguwar sallama ba.

"Abin da ya faru yau, kowa ya gani. Yaro ya hau jirgi ya dawo, ya ga manyan unguwa ba su isa ya shawarce su ba. Ya ɓoye mana abin da ya shafe mu, ya bar iyayensa mata suna wahala tun asuba, ya kunyata mu gaban baƙi. Ba mu raina ƙoƙarinsa ba. Amma magana irin wannan ba ta mai zafin kai ba ce." Ya dubi dattawan da ke gefensa, suka gyaɗa kai. "Daga yau batun kwata da lizin yana hannun Malam Haliru. Shi ya karanta abin, kuma ba shi da rawar kai. Duk mai magana da Zongo a kan wannan, ta wajensa zai bi."

Aka yi gunagunin amincewa. Wani daga baya ya ce dama can shi ya dace. Munira, daga cikin mata, ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi. Nasser ba ya cikin rumfar. Yana can bakin kwata a tsugune gaban uwarsa, ya riƙe hannuwanta yana juya su.

Metir Afi ta riga ta rufe jakarta. Ta ce wa baturiyar wani abu a kunne game da jirgin gobe da wata shari'ar da ke jiransu a wani gari.

Sai Misiye Kojo ya nemi izinin cewa kalma biyu. Baƙo ne, ya zo har gida, ba a hana shi. Ya miƙe ya gyara taye, ya gaida mai unguwa da 'yar Hausar da ya iya, aka yi dariya kaɗan. Sannan ya ce shi ɗan Lome ne, ya zaga unguwanni da yawa, bai taɓa ganin kwata mai tsabta irin ta Zongo ba. Ya ce kamfaninsu ya damu ƙwarai da muhalli da sauyin yanayi, kuma maƙwabci nagari shi ne mai ƙarfafa wa maƙwabcinsa. Saboda haka lizin za ta ba unguwa sababbin baro da shebur da manjagara, don a riƙa irin wannan aikin kowane wata, musamman bayan ruwan sama.

Wani ya fassara. Wasu suka tafa, wasu suka dubi juna. Aboubakar ya tofar da yawu ya bar wurin.

Alhaji Idi ya ja carbinsa. Ba wawa ba ne, ya ji abin da ke cikin maganar. Amma an yi kyauta a bainar jama'a, kuma a Zongo ba a barin kyauta ta kwana ba godiya, ko daga wa ta fito. Ya juya ya miƙa makirfon.

"Malam Haliru, tashi ka yi mana godiya. Da Faransanci, yadda za su ji."

Haliru ya karɓa. Ƙarfen yana da ɗumin hannun tsohon. Ya miƙe, farar shaddarsa ta yi ƙara, kujeru suka juyo. Dattawa, mata, samarin da laka ta bushe a ƙafafunsu, lauya, wisiye, kowa shi yake kallo. Baturiyar ma ta ɗaga wayarta, wataƙila don ta samu abin da za ta nuna in ta koma. Sau da yawa ya ga wannan tsayuwar a ransa, yana kan babur, yana gaban allo. Mutanen ma kusan su ne.

Ya yi sallama aka amsa. Sannan ya juya harshe.

Faransancinsa ya fita sumul, ba gargada. Ya gode wa kamfanin da sunan mai unguwa da al'ummar Zongo. Ya yaba da kyakkyawar maƙwabtaka. Ya ce za a yi amfani da kayan yadda ya kamata. Kowace kalma ta zauna a wurinta, har wisiyen ya ɗago kai daga lemonsa ya dube shi.

Da ya gama aka tafa masa. Misiye Kojo ya fi kowa daɗewa yana tafi.